Gwiwar Likita da Gwiwar Ƙaho

Ku zauna tukuna, ku ture kofunan robar nan gefe, ƙararsu tana hana ni tunani. Kun ce in koya muku ƙaho kafin hutunku ya ƙare, don kun gani a waya: an kifa kofi, an ja famfo, jini ya fito, kowa ya tashi yana murmushi. To madalla. Ni ma na sha ganin ana tuƙa mota, har yau baya nake zama. Sunana Tumba Mai Ƙaho, ɗiyar wanzamin Marnona. Daga Wurno zuwa Rabah zuwa Goronyo, in dattijuwa ta tuɓe za ta yi wanka kunka ga 'yan layuka jere a bayanta kamar shukar gero, aikina ne. Ban shiga aji ba. Fatar mutane ce allona, kuma rubutuna ba ya gogewa.

Ƙahon farko da na kafa, a cinyata na kafa shi. Baba ya haifi maza, amma duk sun guje wa zabirar wanzanci, wanga ya bi mota, wancan ya bi ɗinki. Ga kuma matan kulle suna fama da baya, ba dama wanzami namiji ya shiga. Sai ya dube ni ya ce, "Tumba, ke kin cika surutu, bakinki na da ƙarhi. Bari mu ba shi aiki." Ya kai ni wurin mahauta ya nuna mini yadda ake zaɓe. Ba na tsohon sa ba, ya yi kauri ya yi nauyi, faɗuwa zai yi. Na ɗan maraƙin da ya fara tasawa. A jiƙa shi har ƙashin ciki ya saki, a kankare da fasasshiyar kwalba, a goge bakin a dutse har ki sa shi a leɓenki ki ji ba ya cizo. A huda tsinin. Sannan ki ajiye ɗan kakin zuma a kunci. Ki kifa ƙahon, ki zuƙa, fata ta taso, kina riƙe da numfashin ki turo kakin da harshe ki toshe hudar. In iska ta shiga ko kaɗan, ƙaho ya faɗi, ke kuma kin sha ranƙwashi. Damina ta zo ta wuce ina zuƙar cinyata, har ta yi tambari-tambari kamar an jera kwabbai.

Tsaga kuwa a jikin kabewa na koye ta. Baba ya ce a yanki ɓawo, kada a taɓa tsoka. In kabewa ta yi hawaye da yawa kin zurma, in ba ta yi ba susa kinka yi mata. Mun ci miyar kabewa a gidanmu har Inna ta rantse in anka ƙara kawo mata tsagaggiyar kabewa gidansu za ta tafi. Sai da hannuna ya san nauyin aska ba da taimakon ido ba, sannan ya bar ni na taɓa mutum. Kuma abin da ya fi daɗewa yana koya mini ba kafawa ba ne, ƙin kafawa ne. Ba a yi wa mai ciki, ba a yi wa wadda idonta ya yi fari don ƙarancin jini, ba a ɗora ƙaho kan kumburi mai zafi. Wanga ba ya cikin wayarku, na sani, don wanda ya ƙi aiki ba a ɗaukar hotonsa.

A wancan zamani sana'ar ta kaka ce. An gama girbi, jiki ya gaji, a yi ƙaho, maza su tafi cin rani, mata su koma kaɗi. Sai anka datse gulbi a Goronyo. Anka ce don manoma anka yi. Ni dai na san wadda anka yi wa. Rani ya mutu, hutu ya bi shi. Albasa, tafarnuwa, shinkafa, alkama, wagga ba ta bar gona ba waccan ta shiga. Maza na cikin ruwan sanyi tun asuba suna ban ruwa. Tsofaffin mata da ba su kulle na durƙushe cikin laka suna dashe. Na cikin gida kuwa suna duƙe kan tukunyar turara shinkafa, ko suna zaune wuni guda suna gyaran tafarnuwa har ƙugu ya sandare. Kuɗɗi sunka zo, sunka zo da ƙanensu ciwon gwiwa. Na kai matsayin da sai an aiko mashin ya ɗauke ni, yau Boyekai, gobe Shinaka, lokacin da hanya take hanya, mutum na fita bai bar wasiyya ba.

Wata mai turara shinkafa a Rabah ce ta koya mini halin masu zuwa ƙaho. Na kafa mata a baya, na tsaga, na mayar, na cire, na juye jinin a kasko mai toka. Ta ce in nuna mata. Ta duba ta ga ja ne, ta ɓata rai. "Wanga ai jinin lahiya na, Tumba. Ina baƙin?" Na ce ta huta tukuna. Na ja ta da hira, jini ya sha iska ya yi duhu ya dunƙule, kamar yadda na kowa yake yi, ko na jariri. Na sake nuna mata. Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Da wanga abu nika yawo?" Ta tashi garau tana shi mini albarka. Tun ranar na gane mutum ba sauƙi kaɗai yake nema ba, so yake ya ga abokin gabarsa kwance a kasko. In ya gama kallo, a tona rami a binne a gabansa, don ba a barin jinin mutum a sarari inda mai mugun nufi zai same shi.

Mugunyar shekarata ba ta ambaliya ba ce, ko da yake ita ma ta ci mini ɗaki. Ta aska ce. Ma'aikatan lafiya sunka bi gari-gari suna cewa aska ɗaya a jikin mutane da yawa tana raba cuta, irin wadda ba ta jin magani. Rediyo ya ɗauka. Kafin a jima matan da ke layi a zaurena sunka koma gaishe ni daga nesa kamar mai ƙyanda. Na koma suyar ƙuli-ƙuli, ni ɗiyar wanzami. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce Sista Rahila, wata nas Kirista 'yar Zuru da anka turo asibitin garinmu, gajera, ga baki kamar barkono. Na yafa gyale na tafi in ci mata mutunci.

"Ke ta kinka ce ina kashe mutane?"

"Mama, zauna. Ban ce ke ba. Askarki na ce."

"Askar ubana ta. Ta girme ki."

"Shi ya sa. Ta gaisa da jinin mutane da yawa."

Ta ciro sabuwar reza cikin takardarta ta ajiye mini a cinya. Ta ce kowace mace da tata, a buɗe a gabanta, a binne tare da jininta. Ƙahoni kuma a dafa su kamar za a yi farfesun ƙafar sa. Na ce ban yi. Na ci gaba da ƙuli-ƙuli har hayaƙi ya kusa cinye mini ido, sannan na yi. Askar Baba tana nan cikin zabira, ta yi ritaya kamar ma'aikacin gwamnati, sai dai ita ba ta zarya neman fansho. Mata sunka dawo da kaɗan-kaɗan. Ni da Sista kuwa munka zama irin ƙawayen da ba su taɓa yarda da juna a kan komi ba. Ta turo mini masu ciwon bayan da sunka ishe ta, in tura mata masu farin ido.

Muna nan haka har tsufa ya fara leƙo mu, sai ga allurar jini. Hajiya Kulu ce ta fara kawo ta garin. Matar Alhaji Mamman ce, babban dillalin albasa, wanda tirela ba ta tashi kudu sai ya ɗaga hannu. Sa'ata ce, tare munka yi tallar fura, kuma gwiwarta ta san ƙahona kamar yadda ta san zanenta. Ɗanta ya kai ta wani asibitin kuɗi a Sakkwato. Ta dawo, gida ya cika da 'yan dubiya, tana ba da labari tana ƙara gishiri. Wai an ɗebi jini a hannunta, an zuba a 'yar kwalba, an sa cikin wani inji mai kama da babbar kular abinci, ya yi ta juya shi kamar ana kaɗa nono. Jini ya rabu, ja a ƙasa, wani ruwa rawaya-rawaya a sama kamar narkakken man shanu. Wai a cikin wanga ruwa masu gyara suke, waɗanda ke ɗinke rauni in mutum ya yanke. Anka zuƙe shi da sirinji anka tsira mata cikin gwiwa.

"Jinin wa?" na ce.

"Nawa mana."

"Naki anka ɗiba, anka maida miki, kinka biya?"

"Ke ba ki gane ilimi, Tumba."

"Na gane sarai. An saida miki zanen da ke ɗaure ga ƙugunki."

Kashegari da hantsi ta aiko a kira ni. Gwiwa ta kumbura ta yi zafi, ba ta takawa. Likita ya gaya mata haka za a yi na 'yan kwanaki, ya ce ta daure, kada ta sha maganin kashe zafi sai wanda ya ba ta. Amma wa ke tuna maganar likita in ciwo ya taso? A garinmu in wuri ya kumbura mugun jini ne, in mugun jini ne a kira Tumba. Na taɓa wurin na ji kamar bakin murhu. Na ce ba ni kafa ƙaho kan wuta. Ta yi lallashi, ta yi zagi, ta tuna mini da naman da na ci a bikin ɗiyarta. Na ɗauki zabirata na fito. Sai ta aika anka kira wata yarinya mai kofunan roba irin naku, wadda ba a koya wa cewa a'a ba. Yarinya ta kifa, ta tsaga, ta ja famfo, ta cika kofi. Alhaji Mamman ya shigo ya iske jinin da ya sayar da albasa anka shigar, ga shi an ɗauko wata tana fitarwa. An ce ihunsa har tasha. Ya ɗauki kofin ya tafi wurin Sista Rahila yana tambaya ko za a iya mayarwa.

Sista ta ce masa ya kwantar da hankali, kofi ba ya kai wa cikin gaɓa, jinin fata kawai yake ja. Shi ya ji daɗi. Ni ce ban ji ba, don maganar ta zaga gari ta dawo da sunana a jikinta: ashe ƙaho ma ba ya kai gaɓa. Tsagar da yarinyar ta yi mata kuwa ta yi ruwa, Kulu ta daɗe tana jinya, har yau ba a san ko allurar ta yi mata aiki ko ba ta yi ba, don sabon ciwo ya danne tsohon.

Duk da haka abin ya zama yayi. Duk wanda albasarsa ta yi kasuwa sai ya kai gwiwarsa birni. Ana cewa ana yi wa gyambon da ya ƙi warkewa, ana yi wa 'yan ƙwallo, har fuska ake yi wa matan manya don ta yi sumul. Alhaji Mamman da kansa ya je anka tsattsira masa a sanƙo, wai gashi ya tsiro. Ya daina sa hula don shuka ta sha iska. Munka jira har anka cire albasa anka sake dasawa. Har yau in ya tsaya a rana kina iya gyara kallabinki a kansa. Wasu kuwa, in faɗi gaskiya, sun ce sun ji sauƙi, sun koma gona. Wasu sun ce ba su ji komi ba sai sauƙin aljihu. Na je wurin Sista na ce ai wanga ruwan rawaya na san shi, shi ke tasowa kan jini in ya jima a kwano, ashe dukiya nake binnewa tun ina budurwa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ba shi ba ne, in jini ya riga ya daskare masu gyaran sun tafi cikin gudan. Ko wagga 'yar nasara ba ta bar mini ba.

To, sai na kafa jam'iyya. Gidan suna, gidan biki, duk inda mata sunka taru, ni ce mai jawabi. Na ce tun kaka da kakanni shara fitar da ita ake yi, ba a taɓa share ɗaki a tankaɗe sharar a mayar ƙarƙashin gado ba. Mata na guɗa. Gari ya rabu biyu, 'yan fitarwa da 'yan mayarwa, ni ce shugabar 'yan fitarwa ba hamayya. Ciniki ma sai ya ƙaru.

Gwiwata ta hagu ce ta ƙi shiga jam'iyyar. Aikin ƙaho aikin durƙuso ne, wanga ma waya ba ta nuna muku. Mai ciwo na kwance kan tabarma, ke kina kan gwiwoyinki, ki sunkuya ki zuƙa, ki ja jiki ki koma wancan gefe, haka har a gama a shigo da wata. Gwiwar dama ta daɗe tana gunaguni, amma hagu ce ta fara ƙara kamar ana taka busasshen kara. Na kafa mata ƙaho, na sake kafawa, ta ce ta gode. Rannan a Boyekai na gama wa wata matar makiyayi aiki, na tattara ƙahoni, na ce bismillah zan tashi, ƙafa ta ce ba da ita ba. Na sake gwadawa. Ƙarshe mai ciwon da na yi wa aiki, bayanta bai ko bushe ba, ita da surukarta sunka kama ni ta hammata sunka miƙar kamar buhu. Mai mashin ya kai ni gida, kashegari kowa ya sani. Aike ya fara raguwa. Wa zai kira mai maganin da sai an tanadi masu ɗaga ta? Kuma ni ba ni da gona, ba ni da shago. In ban durƙusa ba, babu Tumba Mai Ƙaho, sai Tumba kawai, tsohuwa a bakin zaure tana korar kaji.

Sista Rahila ta yi ritaya a lokacin, amma ta ƙi komawa garinsu. Ta zo ta latsa gwiwar ta ce, "Mama, mu je a gwada."

"Ni? Da bakina wanga da ya gama gari?"

"Bakin ba shi zai ɗaga ki ba."

"In anka ji, na mutu."

"In ba ki je ba, kin zauna. Zaɓi."

Na ce wa mutanen gida za ni birni gaisuwar mutuwa. Munka shiga mota da sassafe, na ja mayafi har hanci. Muna shiga ɗakin jira na asibitin na ga mayafai jere kan benci, kowanne an ja shi har hanci. Na san ƙafafun. Mai ƙaho ko a lahira ta ga ƙafa ta san mai ita. Ga mai guɗar jam'iyyata, ga wadda ke riƙe mini zabira in ina jawabi.

"Lahiya, Tumba? Mi ya kawo ki?"

"Gaisuwar mutuwa. Ku hwa?"

"Mu ma."

"Allah shi jiƙan musulmi," na ce. Munka ce amin gaba ɗaya, kowace ta kama kallon silin.

Likitan yaro ne, amma bai yi mini ƙaryar 'yan kasuwa ba. Ya sa anka ɗauki hoton ƙashi, ya nuna mini inda guringuntsi ya cinye. Ya ce allurar ba ta mayar da tsohuwa yarinya. Wasu tana rage musu ciwo na wani lokaci, wasu ba ta yi musu komi, su kansu likitoci ba su gama shawara a kanta ba, kuma in gaɓa ta gama lalacewa sai aikin tiyata. Ya ce hagu za a yi, a bar dama tukuna a gani. Na miƙa hannu. Yarinyar da ta ɗebi jinin hannunta na da kyau, ban ji shigar allura ba, na so in kushe ban samu wuri ba. Na ce a bar ni in ga injin. Ya yi kukansa ya tsaya, anka fito da kwalba, ga jinina ya rabu gida biyu kamar garinmu. Allurar gwiwar kuwa, ku bar ta kawai. Sai da na kira sunan Baba. Da anka gama na tambayi jan da ya rage in tafi da shi in binne. Ya ce ƙonawa suke yi. Na ce ba a ƙona jinina ina raye. Sista ta yi ta turanci da shi, ƙarshe ya ce doka ba ta bari ba, amma ya rantse mini ba mai taɓa shi. Na dubi fuskarsa na ga ko an ba shi jinin bai san abin da ake yi da shi ba, na haƙura.

Kafin motarmu ta iso gida labari ya riga mu, don asirin da benci guda na mata ke riƙe da shi kasuwa ne. Gwiwa ta kumbura kamar yadda anka faɗa. Zabira na rataye kusa da kaina, ƙahoni na kallona ina kallonsu. Hajiya Kulu ta zo dubiya tana ɗingishi, fuskarta kamar ranar sallah.

"Sannu, shugaba. In kira miki yarinya mai kofi?"

"Kulu, ki ji tsoron Allah."

"Ke saida miki zanenki anka yi, ko aro anka ba ki?"

Ta zauna ta cinye mini dabino. Da za ta tafi ta sauke zabirar ta wuce da ita gidanta, wai kada shaiɗan ya rinjaye ni. Ban ce na gode ba, amma ban hana ta ba.

Kumburi ya sace. A hankali ƙarar kara ta ragu, na fara zaga gida ba sanda. Sai gari ya gano abin da ni ban lura da shi ba: hagu ta likita ce, dama kuwa ƙaho kaɗai ta sani. Shi ke nan, an samu filin dambe. 'Yan mayarwa na bayan hagu, 'yan fitarwa na bayan dama. Ba a ƙara ce mini ina kwana, sai "Inna Tumba, yau wace ta kwana lahiya?" Masu shayi a tasha har musu suke yi. In na fito idanu na ƙasa, ana duba wace nake ja. Na koyi tafiya sannu-sannu ina raba musu ɗingishi daidai wa daida, don kada kowa ya samu abin faɗa.

Amma tafiya ba ita ce sana'a ba. Aike na farko da ya zo, daga gidan Alhaji Mamman ya zo, wai Hajiya na son ƙaho a baya. Na san tarko ne. Na iske tsakar gida cike kamar ana rabon zakka, jam'iyyu biyu kowace da tabarmarta, Sista Rahila kan kujera a tsakiya kamar alƙali. Kulu ta miƙo mini zabirata ta kwanta rub da ciki. Na durƙusa. Na buɗe sabuwar reza a gabanta, na kafa, na tsaga, na mayar, ƙaho ko ɗaya bai faɗi ba. Ban taɓa aiki mai tsabta irin na ranar ba, kuma babu wadda ta kalla. Tashina suke jira.

Mai tashi daga durƙuso dole ta kafa ƙafa ɗaya a gaba ta ɗora mata nauyinta duka. Wanga ba a raba shi. Na goge ƙahoni, na sake gogewa, ina shawara da ƙafafuna. Dama ta ɗauki nauyin 'yar'uwarta duk tsawon jinya, ta gaji, ni kaɗai na sani. In na kafa ta, ko in tashi da sunana, ko in kife kan Kulu a gaban gari, a kira masu ɗagawa, sana'a ta ƙare nan take. In na kafa hagu zan tashi, amma na rushe duk jawabin da na yi a kowane gidan suna. Mai guɗar jam'iyyata ta riga ta kama hanci tana jira.

Na kafa hagu. Na dafa ta, na ce bismillah, na miƙe tsaye, ba bango, ba hannun kowa.

Mai guɗa ta saki hancinta. Kulu ta ɗago kai daga tabarma, bayanta duk tambarin ƙahona, ta ɗaga murya don na zaure su ji.

"To, shugaba! Gwiwar wa ta tashe ki?"

Na rataya zabirata, na gyara ɗaurin zane, ban yi sauri ba.

"Kulu, mi likita ya zuba ciki?"

"Jini."

"Na wa?"

Na dafa ƙirji na ba ta amsar da kaina.

"Na ɗiyar wanzamin Marnona. Naki anka zuba miki, ga ki kwance. Nawa anka zuba min, ga ni tsaye. Injin ɗaya na, ƙawata. Jinin na ba ɗaya ba."

Sista Rahila ta buɗe baki za ta gyara maganar, ta dube ni, ta rufe. Mai guɗa ta rasa jam'iyyar da za ta yi wa, ta dai rangaɗa. Kafin ta sauke, wata daga tabarmar 'yan mayarwa ta riga ta ture Kulu, ta sassauta zanenta ta kwanta a wurin, tana nuna mini ƙugunta da yatsa. Na dubi tabarmar, na dubi hagu, na sake durƙusawa.